Gitar jika 95 da gitar miliyan: abin da na gani daga Kano zuwa Damagaram

Sana'ata ɗinki ce, shagona yana Sabon Gari a nan Damagaram, amma shekara shida ke nan ina bin ƴan gita duk sa'ad da aka ɗauke su wasan biki. Da ɗaukar baful, wato manyan lasifika, da naɗe waya na fara, har aka soma miƙo mini gita in riƙe kiɗan baya idan wani bai zo ba. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa mallakar tawa ba. Aro nake yi, kuma zanen aro ba ya rufe katara: ran da wani biki ya faɗo a Birni, mai gitar ya aiko ƙanensa ya karɓe abarsa ana saura awa biyu mu fara, na wuni ina tafi a bayan mawaƙi. A daren nan na yanke shawarar in sayi tawa. Tambayar da ta hana ni barci ita ce wadda samari da yawa suke zuwa shago suna yi mini yanzu, wato ko gitar lantarki mai araha za ta iya aikin da mai tsada take yi, ko kuwa zubar da kuɗi ne. Na gaji da maimaita labarin ina kan keke, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko, da abin da na kashe da wuraren da na yi tuntuɓe.

Wurin maigidanmu na fara zuwa. Buzu ne mutumin Agadas, ya fi shekara ashirin a garin nan, kuma shi kaɗai na sani yana da gitar Fender Stratocaster ta ainihi, ƙirar Amurka, wadda ya samo lokacin da aka tafi da su wasa Turai. Na same shi bayan la'asar yana dafa shayi, na ce, "Kawu, so nake in sayi irin taka." Bai yi dariya ba, sai ya ce in ɗauko waya in duba farashi. Sabuwar Fender ƙirar Amurka takan kai Yuro 1,500 ko ta wuce, Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, ka ga kuɗin ya doshi miliyan tun kafin a yi zancen kawowa. Ni kuma abin da na tara daga ɗinkin babbar Salla da adashin da na kwasa jika 200 ne cif, wato sefa 200,000. Ya ce, "Ɗana, kai da kake ɗinka babbar riga da keken Butterfly, wa ya taɓa kawo maka riga ya ce a yi masa ragi don kekenka ɗan Sin ne?" Ya tuna mini cewa Mdou Moctar, da ake sauraron gitarsa har Amurka, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Daga nan ya ɗora mini tasa a cinya ya koya mini abin da zan duba, kuma wannan awa ɗayar ta fi duk abin da na kalla a YouTube amfani. Ya ce in manta da fenti da sheƙi, in dubi wuya. In danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƴan ƙarafunan da aka gicciya a wuyan, in leƙa tsakiya: ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin kati. In ɗaga gitar in hango wuyan daga kai kamar mai duba sanda, idan ya murɗe gefe guda in ajiye ta ko da kyauta ce. In bi kowane gurbi, wato tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da kowace tsirkiya in ji inda take zuza. Sauran abubuwa, in ji shi, duk ana gyarawa.

Na yi mako uku ina nema a cikin gari. Wanda ya san Damagaram ya san ba a shiga Kasuwar Dole a tarar da gitar lantarki jere kamar takalma. Abin da ake samu na hannu ne, wurin wanda ya daina wasa ko wanda matsi ya kama. A nan na kusa faɗawa rami. Wani dillali ya kai ni wani gida a Zango, aka fito mini da baƙar gita, kanta an rubuta Fender, ƙasan rubutun an ce ƙirar Amurka ce, wai jika 120. Zuciyata ta buga, na ce Allah ya kashe ya ba ni. Har na ba da jika 5 na kafin alƙalami. Da dare na tura wa Kawu hotunan, ya ce in kwafo lambar da ke jikin kan gitar mu saka a shafin kamfanin, don suna da wurin da ake duba lamba. Ba ta fito ba. Washegari na koma da rana tsaka, na shafa rubutun da farce, sai na ji tudun takardar manne a saman fentin. Na yi gwajin wuyan, na tarar ya murɗe ta gefen ƙananan tsirkiyoyi. Jika biyar ɗina ba su dawo ba, ban kuma tsaya jayayya ba. Akwai kuma masu tallar gita ta WhatsApp daga Yamai, suna cewa ka tura kuɗi a sako maka a bas. Wataƙila wasunsu mutanen kirki ne, amma bayan abin da na gani a Zango na rantse ba zan sayi gitar da ban riƙe wuyanta da hannuna ba.

Sai Kano ke nan. Na tafi a watan Nuwamba na 2024, an riga an buɗe iyaka tun watan Maris na shekarar, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 2023. Na riƙe katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara, duka biyun an tambaye ni su a hanya, don haka kada ka bar ko ɗaya a gida. Mun tashi daga tasha bayan sallar asuba, muka bi ta Matamai zuwa Ɗan Barto, muka tsallaka Kongolam, Daura, Kazaure, sai ga mu a Kano azahar ta wuce. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, tsaye-tsaye ne suke cinye wunin. Na yi canji a Wapa da ke Fagge, lokacin jika guda ta haura naira 2,000 nesa ba kusa ba, har aljihuna ya yi nauyin da ya sa na riƙa jin kaina kamar wani attajiri. Na kwana wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da shayi, da safe na hau A Daidaita Sahu zuwa Sabon Garin Kano, inda shagunan kayan kiɗa suke saboda majami'un da ke unguwar.

Shago na farko da na shiga, mai shi ya dube ni da hulata ya ce, "Malam, lasifikar masallaci kake nema?" Da na ce gita, sai ya miƙe yana murmushi. A wannan wunin na shiga shago huɗu, na riƙe gita goma sha ɗaya. A nan na fahimci cewa masu arahar ma hawa-hawa ne. Akwai Squier, wadda Fender da kanta take fitarwa tun 1982, da farko a Japan, yanzu galibi a Indunusiya da Sin. Akwai Epiphone, da take ƙarƙashin Gibson tun 1957. Akwai Yamaha Pacifica, ita ce ta fi kwanta mini a hannu duk cikinsu. Amma waɗannan, ko da ana ce musu masu araha a Turai, da na lissafa da ampili, wato akwatin da yake ƙara wa gita murya, da kuɗin mota sai na ga ba zan koma gida da ko dala ba. Ƙasa da su akwai tarin gitocin Sin masu siffar Stratocaster, da sunaye iri-iri da ban taɓa ji ba. Abin mamaki, a cikin kwali ɗaya, suna ɗaya, farashi ɗaya, sai ka tarar wannan wuyanta miƙe sak, waccan kuma tana zuza daga gurbi na tara. Na sa yaron shago ya buɗe mini guda biyar, yana tsaki a hankali. Ta huɗun ja ce, launin da ba na so sam, amma wuyanta ya wuce duk gwajin Kawu. Na auna tsayin tsirkiya daga bakin wuya zuwa gada, wato ƙarfen da yake riƙe tsirkiya a jikin gitar, da awon ɗinkina, ya ba ni santimita 65 saura kaɗan, daidai da na Fender. Na sa aka jona ta, na juya maɓallin mikro, wato ƴan na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sautinta, duk matakai biyar, kowanne ya yi magana. Muka yi ciniki har na tashi sau biyu, aka tsaya a kan abin da ya yi daidai da jika 95. Na ƙara ƙaramin ampili na jika 45, jakar gita ta jika 8, da fakitin tsirkiya uku na jika 9. A kan ampili ga abin da za ka kiyaye: ka juya bayansa ka karanta. Akwai na hannu da ake shigowa da su daga Amurka masu cin wuta 120, mu kuwa tamu 220 ce, idan ka jona shi kai tsaye hayaƙi za ka gani. Mai shago na uku ya so ya ba ni irin wannan da araha, ya ce ai sai in sayi na'urar rage wuta. Na ce a'a, wata rana yaro zai manta ya jona shi haka nan.

Kuskurena na biyu a nan na tafka shi. Mai shagon ya rubuta mini rasit a wata ƴar takarda, ba suna, ba hatimi, ba ranar wata, jimlar kuɗi kawai, ni kuma murna ta hana ni dubawa. Da muka iso iyaka washegari, aka ce mai kayan nan ya sauko. Jami'in duwan, wato kwastan, ya buɗe jakar, ya taɓa tsirkiya da yatsa, ya ce, "Faktir fa?" Na miƙa masa takardar, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, wannan ko ni zan iya rubuta ta." Gaskiyarsa ce. Gitar sabuwa ce tana ƙyalli, shi kuma ba shi da abin da zai gane ko ta jika 95 ce ko ta miliyan. Na ce, "Shef, wallahi ƴar Sin ce." Na zauna a benci kusan awa biyu, direba yana ta zagaye yana hura hanci, fasinjoji suna kallona kamar ni na kawo zafin rana. Allah ya taimake ni na karɓi lambar mai shagon, na kira shi ya rubuta cikakken rasit mai hatimi ya turo hotonsa ta WhatsApp. A kansa aka yi lissafi, na biya jika 18 na gita da ampili, aka ba ni kitansi, har yau tana cikin jakar gitar don an sake tambayata ita a shinge kafin mu shigo gari. Wani abu kuma, kada ka yarda a ɗaure gita a saman mota tare da buhuna. Na sassauta tsirkiyoyin, na biya kuɗin kujera ta biyu, ta zauna kusa da ni kamar amarya. Kuɗin mota zuwa da dawowa da kujerar ya tashi jika 22, ci da sha jika 6.

Daren da na iso gida ban ko ci tuwo ba na jona ta. Murnata ba ta yi minti biyar ba. Ampili ya ɗauki wani gurnani kamar na injin niƙa daga nesa, idan na taɓa tsirkiya ya ragu, idan na saki ya dawo. Da na kai hannu ɗaya kan ƙarfen ampili ɗayan yana kan tsirkiya, ƙafata ba takalmi a kan siminti, sai na ji wuta ta ɗan tsikare ni. Na ce shi ke nan, araha ba ta ado, an cuce ni. Da safe na ɗauke ta a kabu-kabu zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin. Bai taɓa buɗe gita ba, amma ya ce, "Yaro, wuta ai wuta ce." Kwana biyu ta yi a wurinsa. Abin da ya gano kashi biyu ne. Na farko ba laifin gitar ba ne ko kaɗan: ɗakina, kamar yawancin ɗakunanmu, ba shi da wayar ƙasa, ramin soket na uku fanko ne. Ya zo da kansa ya kafa sandar ƙarfe a bayan ɗaki inda ruwan alwala yake zuba, ya ja waya zuwa soket, tsikarar ta ɓace. Wannan kada ka yi wasa da shi, musamman a wurin biki inda leɓenka yake kusa da makirfo hannunka yana kan tsirkiya, ga gurup, wato janareto, an jona shi yadda aka ga dama. Na biyu kuwa na gitar ne: ramin da mikro suke zaune katako ne tsirara, dalmar da aka liƙa wayoyi da ita kuma ƙwauron gaske aka yi. Ya sake liƙa su, ya shimfiɗe ramin da takardar alminiyom ya haɗa ta da wayar ƙasa ta gitar, ya canja bakin jak, inda ake zura waya, da yake lilo. Ya karɓi jika 7 duka. Gurnanin bai mutu gaba ɗaya ba, kuma daga baya na gane ba zai mutu ba, don haka irin wannan siririn mikro yake, ta Kawu ma tana yi. Idan ka sa maɓalli a mataki na biyu ko na huɗu, inda mikro biyu suke aiki tare, sai ya yi shiru. Na ƙara sayen regilata ta jika 15 saboda yadda wuta take hawa da sauka.

Ina cewa an gama, sai hunturu ya shigo. A tsakiyar Disamba na ɗauki gitar wata safiya, na zura hannu a wuya, sai ga jini a gefen yatsana. Bakin ƙarafunan wuya duk sun fito kamar haƙoran zarto. Na ruga wurin Kawu ina cewa gitar ta fara wargajewa. Ya ce in shafa tasa, na ji lumus, ya ce ita ma shekararta ta farko a ƙasar nan haka ta yi masa. Katako ne yake tsukewa idan iska ta bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo. Ya ce gara ma da ta yi yanzu, don idan ka goge su a tsakiyar hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, ba za su sake damunka ba. Muka manna salatif a kan katakon, ya ɗauko ƙaramin magagari, ya nuna mini a kan guda biyu, ni na ƙarasa sauran ashirin a cikin dare uku. A nan sana'ata ta yi mini rana, don wanda ya saba wasa almakashi ba ya gaggawa da magagari. Wuyan ma ya ɗan motsa, Kawu ya zura makulli a kan sandar ƙarfen da ke cikinsa, ya juya rubu'in zagaye kaɗai ya ce mu bar ta ta kwana. Ya ce masu karya gita su ne masu son su gama a zama ɗaya. Washegari ya ƙara ɗan kaɗan, ya sauke gada har tsirkiya ta tsaya kusan milimita 2 a saman ƙarfe na 12, sannan ya bi kowace tsirkiya yana gwada muryarta a sake da muryarta a gurbi na 12, yana matsar da ƴan ƙarafunan gada gaba ko baya har suka daidaita.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne saiti. Da na ja tsirkiya sau biyu sai ta sauka, musamman ta uku. Kawu ya ce laifin abu uku ne. Ɗan farin abin da tsirkiyoyi suke hawa a bakin wuya roba ce mai taushi, tana cije tsirkiya. Kunnuwan da ake murɗawa suna da lilo. Gadar kuma irin mai motsi ce, sifirin uku ne suke riƙe da ita ta baya. Gadar muka fara kashewa, muka cusa guntun katako a bayanta ta daina motsi, tunda kiɗanmu ba ya buƙatar sandar girgiza. Na je wurin mahauta na samo ƙashin ƙafar raƙumi, na dafa shi na shanya, muka yanka muka goge da sanfefa har ya zauna a gurbin robar, Kawu ya tsaga ramuka shida, ya goga bakin fensir a ciki don tsirkiya ta riƙa zamewa. Na farko ya lalace don na zurfafa rami ɗaya, sai na biyu ya yi. Ƙashi da magagari da sanfefa jika 3. Kunnuwa kuwa sai da na aika aka sayo mini wasu daga Kano a jika 12, na jira su kwana goma sha biyu.

A ƙarshen Janairu muka yi gwajin da nake ta jira. Mu shida ne a tsakar gidan Kawu. Huɗu suka juya baya suna fuskantar bango, Kawu ya riƙa kaɗa abu guda da gitata da tasa a ampili ɗaya, ni ina canja waya. Da aka rage murya, aka bar sautin wanke ba ƙari, uku daga cikin huɗun sun gane Fender kusan kowane zagaye. Ni ma da nake tsaye na ji bambancin, ba zan yi ƙarya ba. Tasa tana da wani garau, kowace tsirkiya tana fita daban ko an kaɗa su tare, ƙarshen sautin yana daɗewa yana narkewa a hankali. Tawa ta fi ƙara amma muryarta tana da kaifi, manyan tsirkiyoyin suna ɗan cakuɗewa. Kawu ya ce daga maganaɗisun mikro ne, nasa irin wanda ake kira alniko ne, nawa na seramik. Amma da aka ɗaga murya aka sa ƙarin da muke sawa a biki, mai ganga ya shigo, sai lissafi ya rikice. Wanda ya fi kowa cika baki a kan kunnensa ya zaɓi tawa sau biyu yana rantsuwa ita ce ta Amurka. Muka yi ta dariya har shayi ya ƙone. Inda Fender ta yi mini fintinkau shi ne a hannu. Bayan wuyanta sumul yake, maɓallin murya yana hawa sannu-sannu, nawa kuwa daga shiru sai ihu. Kuma ta Kawu za ta wuni a rana ba ta sauka ba.

A watan Fabrairun 2025, lokacin da bukukuwa suka cunkushe kafin azumi, na yi wasa bakwai da ita. Babu uwar amarya ko abokin ango da ya taɓa zuwa ya leƙa sunan da ke kan gitar. Abin da suke ji baful ne, kuma bafulanmu, mu faɗi gaskiya, ko gitar sarki aka jona musu haka za su fito da ita. A biki na uku ne ma na lura cewa wayar jak ta jika ɗaya da nake amfani da ita ta fi komai ɓata mini sauti, na canja ta.

Idan na tara duka, gitar da na ce ta jika 95 ce ta tashi jika 240 da ampili da hanya da duwan da gyara, ban sa biyar ɗin Zango a ciki ba. Na wuce abin da na tanada da jika 40, sai da na ci bashin wani abokin sana'a na biya shi da ɗinkin ƙaramar Salla. Saboda haka abin da nake gaya wa samarin da suke zuwa shago shi ne, idan jika 150 gare ka kada ka nemi gitar jika 150, ka nemi ta 80 ka riƙe sauran. A yau inji ne yake yanka jiki da wuyan gita, mai araha da mai tsada, shi ya sa ake samun wuya mai kyau a cikin masu araha. Abin da kake biya a mai tsada shi ne ingancin ƙarafa da mikro, da awannin da wani ya zauna yana gogewa yana daidaitawa kafin ta bar masana'anta. Waɗannan awannin kai za ka biya su da hannunka, ko ka nemi wanda ya iya, kuma ka tabbata kana da shi tun kafin ka hau mota. Da ba ni da Kawu da dattijon nan mai rediyo, da yanzu tana rataye a bango ina zagin Sinawa a banza. Ka je da kanka, ka sa a buɗe maka fiye da ɗaya. Ka karɓi rasit mai suna da hatimi da ranar wata. Duk wanda ya nuna maka Fender ta Amurka a kuɗin tunkiya, ka duba lambarta kafin ka ba da ko dala. In kuma kana da halin Squier ko Yamaha, ni da na riƙe su na ga za su rage maka rabin wahalar da na sha, kuma ran da ka tashi sayarwa sunan zai taimake ka. Tawa kuwa na sani ko jika 60 ba za a ba ni ba, duk da ƙashin raƙumin.

Wanda zai shiga situdiyo ko yake fita wasa waje, wannan maganarsa daban, ya tara ya sayi mai kyau. Ni har yanzu idan na je gidan Kawu sai na ɗauki tasa na ɗan taɓa, kuma duk ranar da na mayar da ita cikin akwati sai na ji wani abu a raina. Bayan Salla aka ɗauke shi wasa wani ƙauye ta hanyar Mirya, filin yashi ne ga iska, wutar kuma gurup ce. Ya aiko yaro da sassafe wai in ba shi aron jar, ba zai kai tasa cikin ƙurar nan ba. Ya dawo mini da ita bayan kwana biyu, ƙaramar tsirkiya a tsinke, yashi har cikin maɓalli, ya ce in sa a lissafi.